Tasawa da Mayahi: ina ƴan makaranta za su samo labarin gajeren fim?

Wayar salula ta kawo wa matasa abin da a da sai mai babbar kamera da tallafin gwamnati ke iya taɓawa. A yau ɗan lise a Tasawa, ko ɗalibar jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da ta zo hutu gida Mayahi, na iya ɗaukar hoto mai motsi, a yanka, a haɗa, a sa kiɗa, duk a cikin wayar da ke aljihu. Abu ɗaya ne waya ba ta bayarwa: labarin da za a ɗauka. Shi ya sa zaman farko, wanda ƴan makaranta biyar ko shida ke taruwa da takarda da bik suna neman abin da fim ɗinsu zai faɗa, ya fi ranar ɗauka nauyi. Fina-finai da yawa a wannan zama suke mutuwa tun ba a kunna kamera ba, ko da daga baya an ɗauke su an watsa.

Yadda irin wannan zama ke farawa sananne ne. Wani zai kawo soyayya irin ta fina-finan Kano, waɗanda a Nijar ake kira dandalin soyayya: ɗan mai kuɗi, ɗiyar talaka, uwa mai hana ruwa gudu, waƙa a cikin lambu. Wani kuma, wanda ya saba da tarukan ƙungiyoyin agaji, zai ce a yi faɗakarwa kan auren wuri ko shan ƙwaya. A yi ta gardama har shayi ya ƙare, a ƙarshe a haɗa biyun: rabin farko soyayya, rabi na biyu nasiha, malami ko likita ya fito a minti na ƙarshe ya faɗi darasi. Matasan da aka yi fim ɗin dominsu kuwa, tun a minti na biyu sun gane inda aka dosa, sun wuce zuwa wani bidiyon.

Abin takaici ne, domin gundumomin nan biyu ba su rasa labari ba. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kowace daga cikinsu ta haura mutum dubu 500, kuma kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Samari da ƴan mata ne masu ɗimbin yawa da ke kallon rayuwar Kano da ta Indiya a waya kowane dare, amma da wuya su ga tashar motar garinsu ko gonar geron ubansu a cikin fim. In su ba su ɗauka ba, baƙo ne zai zo ya ɗauka, da nasa tambayoyin da tasa fassarar.

Mene ne gajeren fim?

Ba a taru a kan ma'auni ɗaya ba. A Faransa, duk fim ɗin da bai kai awa ɗaya ba gajere ne. Masu ba da kyautar Oscar a Amurka sun tsaya a minti 40. Gasar gajerun fina-finai ta bikin Cannes ba ta karɓar wanda ya wuce minti 15. Akwai ma gasar Mobile Film Festival, wadda aka fara a Faransa a 2005, mai sharaɗi uku kacal: waya ɗaya, minti ɗaya, fim ɗaya. Ga ƴan makaranta da ke gwajin farko, minti 5 zuwa 10 sun isa su ba su aiki na makonni.

Masu sana'ar suna da wani lissafi mai amfani: shafi ɗaya na senariyo, wato rubutaccen tsarin fim mai nuna abin da za a gani da abin da za a faɗa, yana ba da kimanin minti ɗaya a kallo. Ke nan fim na minti 7 shafi 7 ne. Shafi 7 ba sa ɗaukar rayuwar mutum daga suna zuwa aure. Abin da suke iya ɗauka shi ne yini ɗaya, ko dare ɗaya, ko shawara ɗaya da mutum ya rasa yadda zai yanke. Borom Sarret, fim ɗin da Ousmane Sembène ya yi a Dakar a 1963, wanda ake lissafawa cikin tubalan farko na silimar Afirka, bai wuce kimanin minti 20 ba. Labarin mai amalanken doki ne da ya fita neman abinci da safe, ya shiga unguwar da aka hana irinsa shiga, ɗan sanda ya ƙwace amalanken, ya dawo gida hannu wofi. Babu wanda ya tsaya ya yi lacca kan talauci a cikinsa, amma shekara 60 bayan haka ana koyar da shi a makarantun fim.

Nijar ta riga ta bi wannan hanya

Ƴan makarantar Tasawa da Mayahi ba sai sun je Senegal neman misali ba. Silimar Nijar da gajerun fina-finai ta fara, kuma matasa ne suka fara ta. Moustapha Alassane yana da shekara 20 lokacin da ya yi Aouré a 1962, a kan yadda ake aure a wani ƙauye na bakin kogin Isa. A 1966 ya fitar da Le retour d'un aventurier: saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa huluna da bindigogi, suka canza sunaye, suka hau dawaki, suka hana ƙauyensu sakat. Abin dariya ne a ido, amma maganar da ke ƙasa ita ce ta matasa masu aron rayuwar da suka gani a silima. A sauya hular kaboyi da TikTok, labarin yana nan da ransa.

Oumarou Ganda, wanda cibiyar al'adu ta CCOG a Yamai ke ɗauke da sunansa, daga rayuwarsa ya ciro fim ɗinsa na farko. Ya yi aikin soja a yaƙin Indochine, kuma Cabascabo labarin tsohon soja ne da ya dawo gida da ƴan kuɗi, abokai suka kewaye shi har kuɗin suka ƙare, sannan kowa ya kama gabansa. An nuna fim ɗin a Cannes a 1969. A 1972 Ganda ya zama mutum na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO, Étalon de Yennenga, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame.

Na baya-bayan nan sun fi kusa da ƴan makarantar yau, domin su ma a makaranta suka fara, kuma Hausa ake ji a cikin fina-finansu. Sani Magori ɗan Galmi ne, kuma aikin gona ya karanta kafin ya shiga fim. Gajeren fim ɗin da ya yi yana ɗalibi a Saint-Louis ta Senegal a 2008, Notre pain capital, burodi kawai ya bi, daga gidan da ake gasa shi har hannun almajirai masu bara. Da ya dawo gida bai nemi labari a nesa ba: Pour le meilleur et pour l'oignon ya nuna yadda ɗaurin auren wata yarinya a Galmi ya rataya a kan farashin albasa. A Koukan Kourcia kuma ya ɗauki wata tsohuwar zabiya, wadda waƙoƙinta a da suka zuga samari tafiya biɗa, ya kai ta har Abijan don ta yi wa mahaifinsa waƙar dawowa gida.

Aïcha Macky ƴar Damagaram ta yi abin da ya fi wannan wuya: ta juya kamera ga kanta. Fim ɗinta na makaranta a IFTIC ta Yamai, Moi et ma maigreur, na 2011, a kan ramarta ne da yadda jama'a ke kallon mace marar jiki. L'arbre sans fruit, na 2016, a kan rashin haihuwa ne a cikin aure, ita kanta tana cikin labarin, kuma ya ci kyautar AMAA ta fim ɗin gaskiya mafi kyau a Afirka a shekarar. A 2021 ta koma garinsu ta ɗauki samarin unguwar Kara-Kara a fim ɗin da ta sa wa suna Zinder. Burodi, albasa, rama: babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai tsira a zaman da ake neman "babban jigo". Da ɗan aji ya kawo shawarar a yi fim a kan albasa, da dariya za a yi masa.

Yadda ake tafiyar da zaman

Dariyar nan ita ce babbar abokiyar gabar zaman tattara ra'ayoyi. Alex Osborn, wani Ba'amurke mai sana'ar talla da ya yaɗa wannan salo a littafinsa na 1953, sharaɗinsa na farko shi ne kada a soki ra'ayin kowa a lokacin da ake zubawa. A tara da yawa, har da waɗanda suka yi kama da shirme, a ɗora a kan na juna, sai daga baya a zauna tacewa. Sai dai tun 1958 masu bincike a jami'ar Yale suka gano cewa mutanen da suka yi tunani kowa shi kaɗai, sannan aka haɗa abin da suka rubuta, sun fi waɗanda suka zauna tare yawan ra'ayoyi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: a taro mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, sauran suna jira, wasu har su manta, wasu su ji kunya su haɗiye.

A ƙasar Hausa matsalar ta ninka. Ƙarami ba ya katse babba. Yarinya ba ta faɗin abin da ta sani game da aure ko jinin al'ada a gaban samari biyar. Mai wayar da za a yi ɗaukar da ita kuwa, maganarsa tana da nauyin da ba ta cancanta ba, tunda in ya yi fushi aiki ya tsaya. Maganin mai sauƙi ne: a fara da rubutu. Wani Bajamushe mai suna Bernd Rohrbach ya tsara wata hanya a ƙarshen shekarun 1960 da ake kira 6-3-5. Mutum 6, kowa ya rubuta ra'ayi 3 a cikin minti 5, ya miƙa takardar ga na kusa da shi, shi kuma ya karanta ya ƙara nasa 3. In takardun sun zagaya, cikin rabin awa an sami ra'ayi 108. Mafi yawansu ba za su yi amfani ba, kuma ba komai. In ana so ƴan mata su saki jiki, sai a bar takardun ba suna, ko su yi nasu zagayen daban kafin a haɗu.

Tambayar da aka ɗora a kan takardar ma tana da tasiri. In aka tambaya "wace matsala ce ke damun matasa?", amsoshin da za su fito su ne waɗanda ake ji a rediyo. In aka ce "wane abu ka gani da idonka a wannan wata da har yanzu bai bar ranka ba?", ko "wace magana ce kowa a unguwarku ya sani amma ba mai faɗi?", sai a fara jin abin da ba a taɓa ɗauka ba.

Jigo daban, labari daban

A nan ne aikin yake. Auren wuri jigo ne, kuma na gaske: alƙaluman binciken lafiya da iyali na 2012 sun nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kuwa adadin ya kai kashi 89. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da doka ta musamman don kare karatun ɗiya mace. Duk wannan gaskiya ne, amma kamera ba ta iya ɗaukar kashi 89 cikin 100. Abin da take iya ɗauka shi ne mutum ɗaya da ke son wani abu, da abin da ya tare masa hanya.

A ɗauki misali. Yarinya ƴar ajin ƙarshe na kwaleji, saura kwana 10 jarrabawar BEPC, ta dawo gida ta tarar ana rabon goro. Wannan ya fara zama labari, amma an sha ganinsa, kuma mai kallo ya san wa za a zarga. A juya shi: a ba da labarin ta bakin wanta, wanda yake ƙaunarta, amma ya san daga kuɗin auren ne za a ba shi na motar zuwa Agadas. Ko ta wajen uwar, wadda ta riga ta ci bashi a asusun Mata Masu Dubara, tsarin adashin da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, ta sayi kayan ɗaki, kuma ranar biya ta matso. Yanzu babu mugu a cikin fim ɗin, kowa yana da hujjarsa, mai kallo kuma ba ya iya tashi sai ya ga ƙarshe.

Haka biɗa take. Samarin yankin sun daɗe suna cin rani a Najeriya da Libiya, tun 2014 kuma zinariyar Jado ta buɗe wata hanyar. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure an soke ta a watan Nuwamba na 2023. A cikin jihar kanta, ruftawar ramukan zinariya a yankin Ɗan Isa a watan Nuwamba na 2021 ta kashe aƙalla mutum 18. Ƴan makaranta ba su da halin ɗaukar hamada ko ramin zinariya, kuma ba sa bukata. Ga wani saurayi da ya sauka a tashar Tasawa da hantsi bayan shekara biyu a waje, ba shi da komai sai jakar leda, ya ƙi hawa motar ƙauyensu, yana ta kewaye-kewaye yana ɓuya daga idon sani, yana jiran duhu ya shiga gida. Wuri ɗaya, yini ɗaya, ɗan wasa ɗaya da ƴan wucewa. Cabascabo ne na wannan zamani, kuma duk wanda ke da ɗan'uwa a waje zai gane shi ba tare da an yi masa bayani ba.

Akwai wasu da ke kwance a fili. Kwarin Gulbin Kaba, da ya ratsa gundumomin biyu, cike yake da goriba, kuma daga kabarta mata ke saƙa tabarma da igiya su kai kasuwa. Yarinyar da ke saƙa da dare don ta tara kuɗin rajistar jarrabawa labari ce. Saurayin da aka raba gandun gidansu har gamanar da ta faɗo masa ba ta cika rumbu, shi ma labari ne. Haka ɗan kabo-kabon da magariba ta yi bai haɗa kuɗin mai babur ba, ko mai cajin waya a bakin kasuwa wanda saƙonnin rabin gari ke haskawa a kan teburinsa.

Gwajin da ke raba jigo da labari ba ya cin lokaci. A faɗi ra'ayin a cikin jimla biyu ga wanda ba ya cikin ƙungiyar, ko a fada wajen shan shayi. In ya gyaɗa kai ya ce "gaskiya ne, ana yin haka", jigo ne. In ya ce "to, sai me ya faru?", an sami labari.

Kaburburan Maijirgi

Tarihi ma yakan faɗo a irin wannan zama, kuma gundumar Tasawa tana riƙe da wani babi mai nauyi. A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa tana kashe jama'a, daga Lugu inda Sarauniya ta tare ta, zuwa Birnin Ƙonni, har yankin Tasawa. Ranar 14 ga watan Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko daga baya don ya tsayar da su, a kusa da Dankori. Cikin kwana uku sojojinsu baƙaƙe suka kashe su su biyun, kuma kaburburansu suna Maijirgi har yau.

An yi fina-finai a kan wannan, amma daga waje. Med Hondo ɗan Muritaniya ya ɗauki Sarraounia a Burkina Faso a 1986, daga littafin Abdoulaye Mamani, ya ci Étalon de Yennenga a 1987. A 2020 wani ɗan Ingila, Rob Lemkin, ya fitar da African Apocalypse, wanda ya bi sawun rundunar a kan babbar hanyar ƙasa ta ɗaya, daga baya aka mayar da shi Hausa. Ƴan makaranta ba za su iya tara dawaki da kakin soja da ɗaruruwan mutane ba, kuma in sun gwada abin dariya zai zama. Amma suna da abin da baƙo ba shi da shi: tsofaffin da suka ji labarin daga bakin kakanninsu danginsu ne, kuma da su za su yi magana ba tare da tafinta ba. Jika da kakarsa a tsakar gida, shi da abin da ya karanta a lakol, ita da abin da aka faɗa mata, ya isa fim na minti 10.

Su wa za su kalla?

Fim na matasa ba fim na yara ba ne. Ɗan shekara 18 zuwa 25 a Mayahi wataƙila ya yi aure, ko ya je Libiya ya dawo, ko yana ciyar da ƙannensa. Ya kalli Daɗin Kowa da Labarina a Arewa24, ya bi Izzar So a YouTube, ya san yadda ake ja wa mai kallo rai. Ba ya bukatar a gaya masa tramol na da illa. Ya ga abokinsa ya faɗi yana shure-shure. Abin da bai taɓa gani a fim ba shi ne dalilin da ya sa mai turin kura ko mai noman ƙwadago ke sha tun da asuba. Fim ɗin da ya nuna wannan da gaskiya ya fi wanda ya ƙare da jandarma da ankwa tasiri, kuma ya fi girmama mai kallo.

Ba laifi ba ne a koya daga Kano. Masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990 ta san sirrin riƙe jama'a, kuma ƴan Nijar suna cikinta, irin su mawaƙiya Fati Nijar ƴar Maraɗi. Abin da ba ya tafiya shi ne aron falo da mota da bene da ba a da su. Ba laifi ba ne kuma a sa dariya. Wasan kwaikwayon Yazi Dogo da abokansa a rediyo da talabijin na ƙasa ya faɗi maganganu masu ɗaci ga masu mulki da talakawa, jama'a suna dariya suna karɓa.

Abin da ke hannu, da abin da zai iya biyo baya

Kafin a tsayar da ra'ayi ɗaya, sai an auna shi da abin da ake da shi. Wurare nawa yake bukata, kuma ana iya zuwa da ƙafa? Mutum nawa? Labarin dare yana son fitila, kuran kuma ba shi da tabbas. Hasken safe da na bayan la'asar sun fi na tsakar rana, wanda ke ƙone fuska a hoto, a watan Afrilu da Mayu ma waya kan yi zafi ta ɗauke. Babban hutun makaranta yana faɗawa cikin damina, lokacin da ƴan wasan ke gona har azahar. Sauti ya fi komai ba da wahala: mai kallo yana yafe hoto marar kyau, amma ba ya yafe maganar da iskar hunturu ko ƙarar babur ta cinye. Dabarar da aka saba ita ce a sa waya ta biyu kusa da mai magana tana naɗar murya, a tafa hannu sau ɗaya a farkon kowace ɗauka don a gane inda za a haɗa sauti da hoto wajen montaji.

Sai maganar mutane, wadda ta fi ta na'ura. A gari kamar Mayahi, labarin gaskiya da aka canza wa suna kawai kowa zai gane mai shi. Dole a sauya unguwa da sana'a da yawan ƴaƴa, ko a nemi yardar mai labarin. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka yi wa gyara a watan Yuni na 2024, ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da zagi ta hanyar intanet. Ɗauka a tasha ko kasuwa ko makaranta tana son a sanar da masu wurin da hukumar gari, a unguwa kuma a gaida mai unguwa tukuna. Wanda ke son fim ɗinsa ya bi hanyar hukuma, cibiyar CNCN a Yamai ce ke kula da harkar fim ta ƙasa.

Wadda ta fi kowa shiga haɗari ita ce yarinyar da ta yarda ta fito. Samari kan manta da wannan a lokacin zuba ra'ayi. Wadda ta fito a matsayin ɗalibar da ta yi ciki, da sunan za a riƙa kiranta a hanyar rijiya, kuma daƙiƙa 20 da wani ya yanko ya tura a WhatsApp ba sa ɗauke da bayanin cewa wasa ne. Ko a Kano, inda sana'ar ta kafu, ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau a 2016 saboda wani bidiyon waƙa. Yardar iyaye tun kafin a rubuta senariyo ake nemanta. Sau da yawa ma ana iya faɗin abu ba tare da an nuna shi ba: takalma biyu a ƙofar ɗaki, ko kujerar aji da ta wayi gari ba kowa.

Da wace Hausa?

Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Amma a aji da Faransanci aka koya wa ƴan makaranta rubutu, don haka da shi suke rubuta senariyo, sai ranar ɗauka a ce wa ɗan wasa ya juya. Abin da ke fitowa magana ce mai tauri da babu mai yin irinta a gida. Wasu kuma suna karya harshe su yi Kananci, a ganinsu shi ne Hausar fim. Tsohuwar ƙauyen Korgom da ke magana kamar ƴar Fagge ba ta shiga kunnen kowa. Mutanen yankin suna cewa "mi" da "shina" da "ɗiya", suna kiran malamin makaranta mushe, suna lissafin kuɗi da dala da jika, kuma haka ya kamata a ji su. Hanya mafi sauƙi ita ce a bayyana wa ƴan wasa halin da ake ciki, a bar su su faɗa da bakinsu, a naɗa, sannan a rubuta abin da ya fi daɗi.

Faransanci yana da nasa wurin: rubutun fassara a ƙasan hoto, ga wanda ke son fim ɗinsa ya fita waje. Bikin FESPACO, da ake yi a Wagadugu tun 1969, yanzu kowace shekara biyu, yana da kyautar Poulain d'or ta gajeren fim, da sashe na fina-finan makarantun silima na Afirka. Hanya ce mai nisa, amma Magori da Macky sun nuna ana fita daga Galmi da Damagaram a kai manyan bukukuwa. Ta kusa kuwa ba ta bukatar fassara ko tikiti. Fim na minti 6, in an matse shi, yana wucewa daga waya zuwa waya ta Xender ko Bluetooth ba a kashe ko dala ta intanet ba, kuma in ya shiga kwamfutar masu tura fina-finai a bakin tasha, ranar kasuwa ɗaya ta isa ya kai Urafan ko Kanan Bakashe.